Kaska a Kwalbar Turare

A bencin jiran likita, tela na riƙe da kwalbar turare, kaska na yawo a ciki. Tsohuwar da ke gefensa ta leƙa.

"Malam, kai ne mara lafiyar ko ita?"

"'Yata ce, Iya. Kaska ta cije ta, ta yi zazzaɓi. Ta sha magani ta warke, amma tun daga nan ba wasa, ba dariya, abinci ma sai da lallashi."

"Wannan ce ta cije ta?"

"Ita ko ƙanwarta. Na kawo ta shaida. Har murfin na huda don ta sha iska."

"Wa ya kawo ta gidan?"

"Ɗan akuyar yarinyar. Na kai shi gidan ƙanena, can nesa."

"Me ka ce wa yarinyar?"

"Na ce ya tafi karatu."

Tsohuwa ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Mai laifi na shan iska, mara laifi an kore shi. Ka zauna ka tambaye ta abin da ke damunta kuwa?"

"Na tambaya. Cewa ta yi yaushe za a ba su hutu."

Tela ya ji nauyin maganarsa. Shi kansa har yau yakan tara ɓawon ayaba, sannan ya tuna ba mai ci.

"To a ba ɗalibi hutu," in ji tsohuwa. "A yi masa wankan maganin kaska, ya dawo gida."

Ya miƙe zumbur.

"Iya, riƙe min wannan."

"Allah ya kiyaye! Ita ma ka kai ta karatun."