Hoton Hanta na Minti Goma

A tashar Kazaure, cikin motar Roni, wani dattijo yana yi wa matar da ke gefensa mita.

"Har Kano na je hoton hanta, MRI ɗin nan. Minti goma suka fito da ni! Bara kusan awa na yi. Ai wannan ha'inci ne."

"Baba, sabuwar dabara ce. Saurin ba ya hana a ga ciwon daji."

"Ke likita ce?"

"Jinyar mijina na yi. Lokacinsa sau uku hoton ya lalace, don ya kasa riƙe numfashi. Kafin a gano, ciwon ya bazu. Naka fa, me suka gani?"

"Ban tsaya karɓar sakamakon ba. In suka ce ciwon dajina ya dawo fa?"

"Haba Baba! Sauko, ga motar Kano can tana lodi."