Hajiyar Kan Allo

Fatawu: Halo, Mma Tani? Ina kwana?

Tani: Lafiya lau, Fatawu. Ya gajiya? Ya ƙafar mahaifiyarka?

Fatawu: Da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ya unguwar Maamobi? Ya kasuwa? An ce tun da na rubuta miki allon nan, layin masu sayen waakye, shinkafa da waken nan naki, har bakin kwata yake kaiwa.

Tani: Mun gode Allah. Allon ne ma ya sa na kira ka. Ka zo ka goge.

Fatawu: Goro? Ai ba sai kin ba ni goro ba, Mma.

Tani: Goge na ce. Fita daga cikin hayaniyar nan. "Hajiya" ɗin da ka sa gaban sunana, ita za ka goge.

Fatawu: Haba, Mma. Duk Accra wa ke sayen waakye in ba na Hajiya ba? Sunan sana'a ne kawai. Kaf unguwa an san ranar Lahadi coci kike zuwa.

Tani: 'Yan unguwa sun sani, baƙi fa? Da abin da ka faɗa na yi ta lallashin kaina. Na ce ai ba bakina ya faɗa ba, allo ne.

Fatawu: To, kin gani.

Tani: Tsaya ka ji. Jiya wani dattijo ya zo daga unguwar Madina ta nan Accra, matarsa na kwance asibiti. Ya ce, Hajiya, ke da idonki ya ga Ka'aba, ki sa ta a addu'a.

Fatawu: Allah sarki. Me kika ce?

Tani: Na ce to. Sai na ji hannuna na tura gicciyen wuyana cikin riga. Ban aike shi ba, Fatawu, shi ya tafi da kansa.

Fatawu: Amma ai addu'a addu'a ce. Kin yi mata?

Tani: Na yi, cikin sunan Yesu, kuma zan ƙara. Amma ba abin da ya ɗauka ya samu ba ke nan. Akwai wani almajirin Yesu, Bitrus, yana jin ɗumi bakin wuta ya ce bai san Ubangijinsa ba. Ni ma fa bakin murhu nake wuni.

Fatawu: In layi ya watse fa? Abibata mai waakye na tsallaken titi, ita kuwa Hajiyar gaske ce.

Tani: Ita ta je Makka, ta ci sunanta. Ni wake na dafa, shi zai yi mini magana. Gobe dattijon zai dawo, so nake ya tarar da allon yadda zan gaya masa.

Fatawu: To me zan rubuta a gurbin?

Tani: Bar gurbin. Tani kawai.

Fatawu: Jan fentina ya ƙare, sai na je kasuwar Nima na...

Tani: Ko da gawayi ne. Ka zo kafin in ɗora tukun...

Fatawu: Halo? Mma Tani? ... Wayar ta yanke. Kai Muftahu yarona, miƙo mini burushin nan.