Leshin Goggo Dije a Cikin Ruwa

Ku da kuke zaune a bencina kuna shan inuwata kyauta, har kuna da bakin ce mini tsohon yayi? Kai Nafi'u, sauke wayar nan daga fuskata, ba a ɗaukata sai na gyara hula. Ni na riga kowa latsa hoto marar fim a garin nan, kuma ba a Azare na koyo ba, sai da na haye ruwa har Injamena.

Kuɗin tafiyar ma labari ne. Labulen shagona na sayar, mai zanen jirgin sama, wanda rabin amaren unguwar nan suka tsaya a gabansa, na haɗa da furannin roba. Inna ta ɗinke mini kuɗin a ƙugun wando, irin ɗinkin da sai da na ari reza a Gamboru kafin in biya mota. Direba na tsaye, fasinja na kallo, babban mai hoto irina yana farke wandonsa a tasha.

A unguwar Sabangali na sami ɗaki, kusa da kogi, gidan wani dattijo Baba Tijjani. Bahaushe ne, amma kakansa ne ya taso zuwa Makka a ƙafa, ya yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Hausarsa rabi Larabci. Wata na mutuwa sai ka ji sandarsa a ƙofa, ya zo karɓar gurus, wato kuɗi.

"Ɗanlami, gurus!"

"Mafi, Baba." Larabcin da na fara iyawa ke nan, wato babu.

"Kullum mafi? Yaushe za ka kawo?"

"Baba, kakanka ma ya yi niyya ya tsaya a hanya. Ni ma niyyar tana nan, a hanya take."

Ya ɗaga sanda, dariya ta hana shi saukewa.

Aiki kuwa a wata ƙaramar jarida na samu, mai fitowa mako-mako. Editan sunansa Abakar, uwarsa Bahaushiya, shi ya sa muke jin juna. Su can kowane mai biro a aljihu sai a ce masa Mushe, wai Malam ke nan da Faransanci. Ranar da na fara ji ana kiran mutum mai rai Mushe Abakar yana amsawa, sai da na fita waje na yi dariyata na dawo. Ya miƙo mini wata 'yar kyamara da ba ta kai bulon sabulu ba.

"Ka iya nimerik?"

"Ni? A Kano koyarwa nake yi."

Na juya ta, na sake juyawa, ina neman murfin da ake sa fim. Ya bar ni na gama zufata tukuna, sannan ya ce, "Babu fim, malamin Kano. Zauna."

Gaskiya ya koya mini, ba zan ci hakkinsa ba. Wani ɗan kati kamar farcen babban yatsa, shi ke haɗiye hotuna. Ka zare shi, ka juye a odinatar, wato kwamfuta, ka kama wani abu da suke ce wa ɓera kana jansa a kan tebur. Ka rage haske, ka datse gefe. Abin da ka goge ma bai tafi ba, yana kwance a kwandon shara da suke kira korbai, sai ka bi shi can ka zazzage. Har 'yar rikoda ya ba ni ta ɗaukar murya, don wani gidan rediyo yana karɓa a hannunmu. Dokarsa ɗaya: hoton labari ba hoton salla ba ne, ba a cewa "gyara tsayuwa." Ni da na shekara ina ɗaga wa mutane haɓa ina jera musu yatsu a kan gwiwa!

Abin da ya fi ba ni haushi da nimerik, wato kyamarar nan marar fim, shi ne ɗan gilashin bayanta. Da, in na ɗauki mutum, sai ya jira kwanaki, in hancinsa ya fito a karkace ya ce ƙaddara. Yanzu kana latsawa ya zagayo bayanka: "Mu gani." Kowa ya zama edita, har mai tura kura.

To, damina ta yi ƙarfi wata shekara, ruwa ya shiga gidaje a unguwar Digel. Mushe Abakar ya ce in je in ɗauko abin da zai sa masu iko su ji kunya su kawo injin zuƙe ruwa. Na hau kilando, ɗan acaɓarsu ke nan, ya sauke ni inda hanya ta ƙare, na naɗe wando na shiga.

A can na tarar da Goggo Dije, yayar Baba Tijjani. Uwar mahauta ce, 'ya'yanta maza duk suna da rumfa a kasuwar nama, kuma ba a ɗaura aure a dangin sai da yawunta. Ga ta ruwa har gwiwa a tsakar gida, ba ɗankwali, furfura a waje, zani ya jiƙe ya manne mata, tana janyo tabarma. Hannuna bai yi shawara da ni ba, ya latsa.

Ta juyo. "Kai ɗan hayar Tijjani! Mu gani."

Na nuna mata. Ta ce, "Surukaina su gan ni haka? A buga ni a jarida, a kasuwa a naɗe tsire da ni kaina a buɗe? Goge."

Na goge a gabanta, na ce, "Goggo, na ɗauki alkawari, ba mai ganinsa."

"Yauwa. In hoto kake so, jira."

Ta shiga ɗaki, ta sauko da akwati daga kan sif, inda ruwa bai kai ba. Ta fito cikin farin leshi, da ɗauri, da 'yan kunnen zinariya, ta tsaya a bakin ƙofarta ruwa na kaɗa gefen leshin, tukwane na iyo a bayanta. Ta dubi kyamara kamar ita ke bin gwamnati bashi. Na ɗauka. Na kunna rikoda ta faɗi nata, ba kuka, ba roƙo.

Ashe shegiyar kyamarar tana kan wani saiti da in ka danne sai ta yi ta ɗauka, tas-tas-tas, kamar ana suyar gugguru. Wanda na goge ɗaya ne, 'yan'uwansa suna cikin kati. Wannan laifin Bature ne da ya ƙera ta, kada wanda ya dube ni.

Muna juyewa a ofis sai ga Goggo ba ɗankwali ta cika gilashi. Mushe Abakar ya buga tebur.

"Wannan! Shafin farko!"

"Fataron, wannan ba na bugawa ba ne. Ga na leshi." Fataron, wato maigida, haka muke kiransa.

"Na leshi? Wa zai kawo inji don matar da ke sanye da zinariya? Biki ka je?"

"Ni ban ce ta sa ba. Ita ta ga dama."

"Wahalarta muke nunawa, don amfaninta ne."

"To ka je ka gaya mata, in ka dawo da kunnuwanka biyu sai mu buga."

"Kalas, magana ta ƙare! Kyamara tawa, jarida tawa."

Maganarsa da ƙamshin gaskiya, na sani, mai yiwuwa wancan hoton ya fi saurin taɓa zuciya. Amma shi ba a gabansa aka ce surukai ba, kuma ba bakinsa ne ya ce ba mai gani ba. Na kwantar da murya, na ce, "Shi ke nan, Fataron, ka fi ni sani. Sai dai fuskar ta yi duhu, bari in ɗan ƙara mata haske." Ya ji daɗi na sauko, ya fita shan shayinsa.

Na kama ɓera. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge. Na shiga korbai na zazzage. Na mayar da kati cikin kyamara na wanke shi tas. Na bar masa na leshi shi kaɗai a tsakiyar gilashi, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Da ya dawo ya yi Faransanci, ya yi Larabci, da suka ƙare ya koma Hausar uwarsa, ita ce ma ta fi zafi. Ya karɓe kyamara, ya karɓe rikoda, ya nuna mini ƙofa: "Amshi!" wato kama gabanka. Na ce, "Dama zafin ofishin nan ya ishe ni." Amma injin buga jarida ba ya jira, kuma ba shi da wani hoton Digel. Na leshin ya fito a shafin farko. Ba sunana a ƙasa, ku ji zalunci. Injin zuƙe ruwa ya zo daga baya, ko don hoton ne ko don wani babba yana da gida a layin, Allah masani. Ni dai in aka tambaye ni, hotona ne.

Haka na tattaro na dawo Azare, ba kyamara, ba ko sisi na kirki, sai ilimi a ka da ƙunshin kilishi da 'ya'yan Goggo suka ba ni. Amma kafin in hau mota sai da na kai mata jaridar har gida, ina tafe ina shirya yadda zan karɓi godiya ba tare da na nuna girman kai ba. Ta karɓa, ta matsar da ita nesa da ido, ta daɗe tana kallo. Na gyara murya.

Ta ce, "Kai Ɗanlami, ɗaurina ya karkace, kana tsaye kana kallo ba ka gaya mini ba? Wane irin mai hoto ne kai?"