Guɗar da Na Yi a Ƙofar Kotu

Iyayena da 'yan'uwana mata, ina gaishe ku a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Yabo ga Ubangiji! Na gode wa shugabarmu, uwar zumuntar mata, da ta ba ni wannan dama. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, amma an fi kirana Maman Rahila. A nan Unguwar Rimi nake zaune, na yi aikin jinya shekaru masu yawa kafin in yi ritaya.

Shaidata ta yau ba mai daɗin ji ba ce. Ramin da Allah ya fitar da ni daga cikinsa, da ƙafata na shiga, ina murna ma, kuma wasunku muna tare a ranar. Ban zo tona asirin kowa ba, nawa na zo tonawa.

Kun dai san ni da guɗa. Bikin da aka yi a ikkilisiyar nan ban rangaɗa ta ba, sai amarya ta ga kamar an rage mata wani abu. Maigidana yakan ce ko lasifikar coci ta lalace ba damuwa, muddin Saratu na nan. Gaskiya ina ji da wannan maƙogwaro nawa.

Shekara biyu ke nan, ɗan wata 'yar'uwarmu, wanda ya tashi a hannunmu har ya zama mai koyar da mawaƙa, ya samu aikin malanta a wata babbar makaranta a garin nan, inda 'yata Rahila take karatu. Sai muka ji an kama shi, wai ya kulle wata ɗaliba a ofis ya yi mata fyaɗe. Da aka ce mana yarinyar Musulma ce, 'yar wani tela a Abakpa, shi ke nan, ba mu ƙara tambayar komai ba. Muka ce sharri ne, an ga ɗanmu ya samu wuri ana so a ture shi. Kun san halinmu a garin nan, kafin mu tambayi me ya faru sai mun fara tambayar ɗan wane ɓangare ne.

Amma ni na san gaskiya. Da aka ba da belinsa, uwarsa ta kira mu mu uku mu yi masa addu'a a gida. Ya durƙusa a tsakiyar falo yana kuka, ya ce, "Mama, aikin Shaiɗan ne, ban san yadda aka yi ba." Da kunnena na ji! A kotu kuma, ranar da likita ya karanta rahotonsa, Turancin asibiti ya wuce sauran mata, ni kuwa ba kalmar da ban gane ba. Na san abin da aka yi wa jikin yarinyar nan. Na haɗiye, na ce namu ne.

Lauyansa ya ce abin da zai taimaka shi ne alƙali ya ga mutanen kirki a bayansa. Ya ce mu kawo takardar shaidar hali, mu kuma zo da yawa ranar hukunci. Ni na rubuta takardar da hannuna, na ce yaro ne mai tsoron Allah, ba mu taɓa jin wani abu a kansa ba. Ranar muka sha ankon zumunta, zani da kallabi, irin wanda muke sawa mu je gaisuwar mutuwa ko duba marar lafiya, muka cika benci uku a cikin kotu.

Alƙali ya sauko da laifin zuwa ƙarami. Ya ce matashi ne, wannan ne karonsa na farko, ga kuma iyayensa mata sun yi masa kyakkyawar shaida. Ya yanke masa wata shida ko ya biya tara. A ranar ya biya tarar ya koma gida.

Muna fitowa ƙofar kotu na dafe hanci na rangaɗa guɗa. Sau uku! A gefen matakala uwar yarinyar tana riƙe da ita, yarinyar ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa. Na gan su tun a guɗar farko, 'yan'uwana, ban daina ba.

Ashe wani ya ɗauke mu a waya. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Aka yi ta buga waya gidajen rediyo, kowa na tambaya wane irin hukunci ne wannan. Ɗalibai suka fito ƙofar makaranta da kwalaye, Musulmi da Kirista a haɗe, suna cewa sai an ɗaukaka ƙara. Wata rana ina cikin keke napep, wata mata a gefena ta kunna bidiyon, muryata ta cika keken. Direba ya girgiza kai ya ce, "Wai wannan matar ba ta haihu ba ne?" Na juya fuskata waje har muka isa. Mai kayan miyan da na yi shekaru ina saye a wurinsa ya auna mini tumatir ya miƙo, ko gaisuwata bai amsa ba.

Kuna tsammani na tuba? Ina! Fushi na yi. A daidai wurin nan na tsaya na ce ana tsananta mana saboda sunan Yesu, na roƙe ku ku taya ni addu'a Allah ya rufe bakin maƙiya. Kuka ce amin.

Sai Rahila ta kira ni. Ta ce, "Mama, a ɗakin kwananmu ba yarinyar da ba ta san muryarki ba." Na ce ta yi haƙuri, surutun duniya ne, zai wuce. Ta ce, "To, sannunki," ta kashe waya. Da aka yi hutu ba ta zo gida ba, ta wuce Rigachikun wurin ƙanwata. Kirsimeti ta zo, na dafa shinkafa na yanka kaji, kujerarta ba kowa. Ita kaɗai ce 'yar da Allah ya ba ni. Wata takwas in na kira ta, daga "lafiya lau" sai "sai anjima". Na rame, hawan jinina ya tashi, amma ina ta cewa yarinya ce, an hure mata kunne.

Na ɗauki azumin kwana uku a kanta. A rana ta uku, da tsakar rana, na rufe ɗaki na durƙusa ina roƙon Allah ya juyo mini da zuciyar 'yata. Sai na ce bari in yi wa waccan yarinyar ma addu'a, tunda an umarce mu mu yi wa maƙiyanmu. Na buɗe baki na ce, "Ya Uba, ka tuna da..." sai na tsaya cak. Ban san sunanta ba! An faɗe shi a gabana a kotu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na riƙe sunan lauya, na riƙe sunan alƙali, amma ita ko a mutum ban ɗauke ta ba, balle in riƙe sunanta.

A nan Ubangiji ya karya ni. Na kifa fuskata a ƙasa ina kuka, na ce, "Ya Yesu, na yi shaidar zur da sunanka. Na sa zanin hidimarka na je na yi wa zalunci guɗa. Ka yi mini jinƙai!" Ban ji wata murya daga sama ba, amma na tashi na san abin da ya kamata in yi.

Washegari na tafi Abakpa ni kaɗai, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Ina yin sallama uwar ta fito ta ce, "Na gane muryar." Ba ta shimfiɗa mini tabarma ba, na durƙusa a ƙasa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baiwar Allah, da hukuncin alƙali ne kawai da mun bar wa Allah. Guɗar nan taki ita take ji har yau. Saura shekara ɗaya ta gama, ta ajiye karatun." Na ce ta taimake ni in ga yarinyar in nemi gafara. Ta ce, "Ni na ji ki. Yafiya kuwa tata ce, kuma ba za ta fito ba." Ba ta fito ba ɗin. Har yau ban ga fuskarta ba.

Daga nan na je wurin lauyoyin da ke neman ɗaukaka ƙara, na janye takardata, na rubuta abin da na ji a falon nan. Maganar tana nan ba a gama ba. Uwar yaron ta daina gaishe ni, wasu a cikinku ma sun ja baya. Ban riƙe kowa a zuciya ba, nima can nake a da.

Ƙanwata ta ba Rahila labari. Wata Asabar da rana sai ga ta ta shigo da jakarta. Haleluya! Ban san lokacin da na rungume ta ba. Muka zauna tana taya ni tsintar wake, can sai ta ce, "Mama, kin tuna ana gobe za a yanke hukunci na zo gida, kuma ba hutu ake ba?"

Na ce na tuna.

Ta ce, "Nima malamin ya taɓa kulle ni a ofishin nan. Allah ne ya kawo masinja ya yi ta buga ƙofa, na samu na fita. Ranar na zo in gaya miki ne, in ce ki raka ni in faɗa wa kotu. Na same ki kina goge anko kina waƙa, kika ce in taya ki goge kallabin." Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce, "Na goge miki, na koma makaranta."

'Yan'uwana, ita ce ta ce in faɗa muku wannan, da ban faɗa ba. Allah ya gafarta mini, na gaskata. Ya dawo mini da 'yata gida, ina yi masa godiya da dukan zuciyata. Amma akwai maganar da har yanzu Rahila ba ta gaya mini, sai a bakin ƙanwata nake jin ta, kuma 'yar mutane tana zaune a ɗaki ba karatu. Wannan ba zan iya gyarawa ba, na sa shi a hannun Ubangiji.

Ku dogara ga Yesu, ba ya ƙin mai tuba, ko da tsohuwa ce mai taurin kai irina. In an kawo muku takarda ku sa hannu saboda ɗan namu ne, ku fara tambayar wa aka cuta. In kuma 'yarki ta shigo gida ba lokacin hutu ba, ki ajiye abin da ke hannunki ki tambaye ta abin da ya kawo ta.

Ɗaukaka ta tabbata ga Allah, a cikin sunan Yesu. Amin.