Yadda Hoton Illa Ya Fito a Karo na Huɗu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma wakilin Sarki, shugaban wannan zama, Malam Liman da malamai, alhazanmu, dattawan Matameye, baƙinmu na Dungu da Tsauni, iyayenmu mata da ke bayan zana, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba ni magana a wannan taro na sallamar ɗan'uwanmu Illa, wanda gobe zai hau kamyo, babbar motar nan, ya nufi Makka. Rabon da a ce in miƙe a gaban mutane tun ranar da aka sallame ni daga aikin tafinta, bayan shekara goma sha tara ina ɗaukar maganar wasu ina kai wa wasu. Na yi lakwal a Damagaram, na fi 'yan ajinmu, ga shi na ƙare da kaina cikin baƙin ƙyalle ina ɗaukar hoto a gindin tsamiya. To, yau ranar murna ce, a bar wannan.

Magana ta farko, ku sani ni ne na kusa hana Illa tafiya. Takardar hanya ba ta fita sai da hoto, kuma sau uku ana dawo da nasa daga biro, ofishin hukuma. Ma'aikacin ya ce: "Wannan mutum ne ko hayaƙi?" A karon farko na ce Illa ne ya motsa. Na sa shi ya riƙe numfashi har idonsa ya yi ja. A na biyu na zargi ƙafafun akwatin hoton, na danne su da duwatsu. A na uku na zargi rana. Kwana biyu suka rage ayari ya tashi, ga Illa ya haura saba'in, kuma shi da kansa ya ce mini: "Malam Hamisu, ba ni da tabbacin baɗi."

Magana ta biyu, ga yadda aikin yake. A bayan akwatin akwai gilashi mai duhu-duhu, nan surar mutum ke faɗowa kai a ƙasa. Ina ɗora wani ɗan madubi mai ƙara girman abu a kai, in leƙa, in matsa gaba ko baya har fuska ta fito tar. Shekara goma ina yarda da madubin nan fiye da yadda nake yarda da mutane.

Sai Manu tela, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya bar kekensa ya zo ya ce in ba shi ya leƙa. Na ce: "Kai da ka san zare, me ya haɗa ka da wannan?" Ya ce: "Zaren ne ya koya mini. A da ina zura allura a nan kusa da ido, yanzu sai na miƙa hannu can nesa. Malam, madubin nan, idon wa aka daidaita masa?"

Jama'a, idona ne, amma na shekara goma da suka wuce! Madubin yana da zobe da ake murɗawa gwargwadon ƙarfin idon mai shi, tsatsa ta kama shi, ni kuwa na manta ma yana juyawa. Manu ya ɗiga masa man keke. Na ja layi siriri da kiriyo, fensirin rubutu, a jikin gilashin, na yi ta murɗawa har layin ya tsaya sak. Juyi uku cur. Da na sake leƙawa, sai ga gemun Illa ana iya ƙirga shi gashi-gashi. Na sake ɗauka karo na huɗu, Habsatu matarsa ta ga hoton ta ce: "Ai gara na hayaƙin, ya fi kyau!"

Jiya takarda ta fito, ga ta nan a aljihunsa.

Magana ta ƙarshe gajera ce. Illa, a gaban jama'a nake neman gafararka, na sa ka wahala a kan laifin idona. Manu, ka fi ni sani, na faɗa kowa ya ji.

Allah ya kai Illa lafiya, ya karɓi aikinsa, ya dawo mana da shi muna kiransa Alhaji. Allah ya tsare mazanmu da ke cin rani a Kano da Katsina, ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya. Illa, in ka isa Ɗaki mai alfarma, ka sa tsohon nan cikin addu'a.

Na gode.