Katako Biyu a Ƙafa, Laka Har Ƙirji

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya bar ni da numfashin da nake magana da shi yau.

Ni ne Yohanna, mai gyaran injin ban ruwa a wani ƙauye kusa da Suki. Gidana kaɗai ne na Kirista a wurin, kuma duk garin an san ni da taurin kai.

Ɗan yayata da ke Turai ya turo mini hoton bidiyo: mutane sun ɗaura katako a ƙafa, sanda biyu a hannu, suna sulɓi a kan ƙanƙara. Abin ya shiga raina. Na ce mu ma ai muna da lakar da kogi ke bari idan ruwa ya janye, ta fi sabulu santsi.

Ranar kasuwar Suki, gari ya watse. Na fere katako biyu, na sari sanduna, ban gaya wa matata Rifkatu ba don na san dariya za ta yi. Na tuɓe takalmana a bakin gaɓa, na ɗaure katakon da igiyar leda, ɗaurin da ba ya kwancewa.

Da safe kam na ji daɗi! Ina gangarawa, ina faɗuwa, ina tashi, ina ta ihu ni kaɗai, ƙato da furfura.

Da rana ta take, na yi nisa zuwa inda lakar ke sheƙi. Sai ƙafar dama ta nutse. Na yunƙura, ta hagu ta bi ta. Katakon da na ɗaure shi ya riƙe ni a ƙasa. Laka ta kai gwiwa, ta kai ƙugu.

Na yi kururuwa har muryata ta dushe. Babu kowa. Ungulu ta sauka nesa kaɗan tana kallona. Tsoro ya kama ni, 'yan'uwa, irin wanda ban taɓa ji ba. Na tuna Rifkatu za ta neme ni ko'ina ban da nan, ba za ta sami ko gawar da za ta binne ba.

Da laka ta kai ƙirji, na daina kokawa. Na ce, “Yesu, wautata ce ta kawo ni. Ba ni da wata dabara. Ka cece ni!”

Wajen la'asar na ji kukan jaki. Maƙwabcina ne, Baba Alhaji Umaru mai ɗinkin takalma, yana dawowa daga kasuwa. Ya ga takalmi a gaɓa, ya gane ɗinkin hannunsa, amma babu sawun mutum, sai layi biyu a kan laka.

“Yohanna! Mi ya kai ka can, bawan Allah?”

“Baba, ka taimake ni, ina nutsewa!”

“Bar motsi! Mu a kan katako muka kwanci da ciki, mu ja jiki. Wa ya ce maka a ƙafa aka ɗaura shi?”

Ya ɗauko faifan katako daga amalankensa, ya kwanta a kai, tsoho da shi, ya rarrafo. Ya warware farin rawaninsa, ya ƙulla wuƙar aikinsa a bakin rawanin, ya jefo mini. Na cusa hannu cikin laka ina lalube, har na yanke igiyoyin. Sannan na riƙe rawanin, yana ja, yana salati, ni ina kiran Yesu, har na fito.

Halleluya! Na kira Ubangiji, ya amsa ta hannun tsohon da bai taɓa taka cocinmu ba. Kada ku zaɓa masa hanya, ku dai kira shi.

Rifkatu ta wanke rawanin har ta gaji, bai koma fari ba. Na kai wa Baba sabo, ya ƙi karɓa. Da tsohon rawanin yake zuwa masallaci har yau, kuma duk sanda ya wuce ƙofata da shi a kansa, sai na ce, na gode Yesu.