Lauyan da Ba Ya Jin Hausa

A bencin ƙofar mahkamar garin Gadarif ta Sudan, Atine ta naɗe takardar neman sakinta cikin mayafi, ta matsa kusa da wata dattijuwa.

"Inna, don Allah wane lauya ne mai kirki a nan?"

"Je wurin Ustaz Mato, 'yata. Namu ne, da Hausa zai saurare ki."

"Shi ne fa ba na so." Atine ta sunkuyar da kai. "Tun daga garin Fau na hau mota na zo nan don kada in haɗu da namu. Abin da mijina ya yi mini, da Larabci zan iya faɗinsa. Da Hausa kuwa, sai in ji kamar mahaifiyata na zaune tana ji."

Dattijuwar ta daɗe tana murza carbinta.

"Ni ɗana ne matarsa ta kai ƙara. Jiya aka karanta abin da ya yi mata, duk da Larabci."

"Ya zo miki da sauƙi, ko?"

"Ina! Ban iya ɗaga kai ba, 'yata. Ashe kunya ma tana jin Larabci."